Fafaroma Gregory: Ɗan masu kuɗin da ya ciyar da birnin Rum bayan gwamnati ta janye hannu

A watan Nuwamban shekarar 589 Kogin Tiber ya cika ya tumbatsa, ya kutsa cikin birnin Rum. Ruwan ya rushe tsofaffin gine-gine, ya shiga rumbunan coci, ya lalata alkama mai ɗimbin yawa. Mutane ba su gama kwashe laka daga gidajensu ba sai annoba ta ɓarke. Cikin waɗanda ta fara ɗauka har da Fafaroma Pelagius na Biyu, wanda ya rasu a watan Fabrairun 590.

A lokacin babu wata hukuma mai ƙarfi a birnin. Sarkin daular yana can Kustantiniya, wato Santambul ta yau, tafiyar makonni a teku. Wakilinsa a Italiya yana zaune a Ravenna, can arewa, yana fama da kansa. Mayaƙan ƙabilar Lombardawa kuma sun mamaye yawancin ƙasar da ke tsakani.

A cikin wannan hali ne limamai da jama'ar gari suka zaɓi wani siririn mutum mai yawan ciwon ciki, ɗan kimanin shekara 50, ya zama bishop ɗin Rum. Sunansa Gregory. Bai so ba. Har wasiƙa ya rubuta wa Sarki Maurice yana roƙon kada ya amince da zaɓen, amma roƙon bai yi aiki ba. An naɗa shi ranar 3 ga Satumba, 590, ya riƙe muƙamin shekara goma sha uku da rabi.

Kiristocin Yamma suna tuna shi da littattafansa da kuma tawagar masu wa'azi da ya tura Ingila. Amma wanda ya karanta wasiƙunsa, waɗanda sama da 850 suka kawo zamaninmu, zai ga cewa babban kaso na lokacinsa ya tafi ne a kan alkama, da jiragen ruwa, da ma'auni, da barguna, da kuɗin fansar waɗanda aka kama a yaƙi.

Birnin da ya saba cin abincin gwamnati

Sai an san abin da Rum ta rasa sannan za a gane aikin da ya yi. Tun shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) gwamnati ke raba wa talakawan birnin hatsi kyauta. A zamanin Sarki Augustus, mutum wajen 200,000 ne ke cikin rajistar masu karɓa. Jiragen ruwa na kawo alkama daga Masar da Afirka ta Arewa, ruwan sha na gangarowa daga duwatsu ta manyan magudanan da aka gina da dutse, akwai gidajen wanka na jama'a, akwai likitoci da malamai masu cin albashin hukuma.

Duk wannan ya zube ne sannu a hankali. A ƙarni na huɗu aka karkatar da alkamar Masar zuwa sabon babban birni, Kustantiniya. A 439 Vandalawa suka ƙwace Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, hanyar alkamar Afirka ta shiga hannun wasu. Sai yaƙin da Sarki Justinian ya ƙaddamar a 535 domin ƙwato Italiya daga hannun Gotawa, wanda ya ci kusan shekara ashirin. A 537 Gotawa suka datse magudanan ruwan birnin. A ƙarshen 546 sarkinsu Totila ya ci Rum, daga baya ya kori mazaunanta, birnin ya yi makonni kusan babu kowa. Garin da ya taɓa ɗaukar mutum kusan miliyan ɗaya ya koma ƙasa da dubu ɗari, wasu masana ma na ganin bai kai rabin haka ba.

Bayan yaƙin, a 554, Justinian ya fitar da doka yana alƙawarin ci gaba da rabon hatsi da biyan malamai da likitoci da gyaran gine-gine. A takarda abin ya yi kyau. Shekara goma sha huɗu bayan haka Lombardawa suka shigo Italiya, kuɗin daula kuma suka tafi yaƙi da Farisa a gabas. Ba a taɓa fitowa an ce an soke wa Rum tallafi ba. Yana zuwa ne a makare, ko ya zo a rage, ko ya ƙi zuwa.

Daga kujerar mulki zuwa gidan zuhudu

An haifi Gregory wajen shekarar 540, ke nan yana yaro aka yi wa birninsu wancan kaca-kaca. Gidansu gidan arziki ne a kan tudun Caelian. Mahaifinsa Gordianus yana da manyan gonaki a tsibirin Sisili, sunan mahaifiyarsa Silvia, kuma cikin kakanninsa akwai wani fafaroma, Felix na Uku. Ya yi karatu irin na 'ya'yan manya, kuma wajen 573 ya zama shugaban birnin Rum, muƙami mafi girma na farar hula a garin. Kula da abinci da tsaro da kuɗin shiga duk suna ƙarƙashinsa. A nan ya koyi yadda ake karanta littafin lissafi, ya kuma ga iyakar abin da baitulmali ke iya yi.

Bai daɗe a kujerar ba. Da mahaifinsa ya rasu sai ya ajiye aiki, ya kafa gidajen zuhudu shida a gonakinsu na Sisili, ya mayar da gidan da aka haife shi na bakwai, ya raba sauran dukiyar, ya shiga ciki a matsayin ɗaya daga cikin masu ibada. Yawan azumin da ya yi a wannan lokaci ya lalata masa ciki har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka, a rubuce-rubucensa kullum yana ambaton waɗannan shekaru a matsayin mafi daɗi da ya taɓa yi.

A 579 aka fito da shi, aka tura shi Kustantiniya jakadan fafaroma. Babban aikinsa shi ne roƙon sojoji da kuɗi domin kare Rum. Ya yi kimanin shekara shida a can, ya saba da gidan sarauta, har ya tsaya a matsayin uban baftisma ga ɗan Sarki Maurice. Sojojin dai bai samu ba. Ya dawo gida da sanin cewa duk mai jiran taimako daga gabas zai daɗe yana jira.

Ya fara da gyara ma'aunin gidansa

Cocin Rum ba talaka ba ne. Ƙarni bayan ƙarni masu hali suna bar masa gonaki, har ya zama cikin mafiya girman masu filaye a Italiya, da gonaki a Sisili, da Kampaniya, da Sardiniya, da Afirka ta Arewa, da kudancin Faransa ta yau. Matsalar ita ce yadda ake tafiyar da su. Wakilai na cin nasu, masu karɓar haya na matsa wa manoma, abin da ke isa Rum kuma bai kai abin da aka tatsa ba.

Gregory ya tura amintattun ma'aikatan coci su riƙe gonakin, ya sa suka yi rantsuwa a gaban kabarin Bitrus kafin su tafi. Wanda ya tura Sisili sunansa Peter, kuma doguwar wasiƙar da ya aika masa a 591 ta fi kowace huɗuba nuna irin mutumin da yake.

Ma'aunin hatsi na hukuma yana cin ƙananan awo 16. Wakilan coci sun ƙera nasu manya, da su suke karɓar haya. Gregory ya ƙayyade cewa kada a wuce 18, ya ce a farfasa duk ma'aunin ƙarya a kawo na gaskiya. Labar zinariya tsabar kuɗi 72 ce, amma masu karɓa suna ƙirga 73 da rabi, ya hana. Idan jirgin hatsi ya nitse a teku saboda sakacin wakili, ba manomi zai biya ba. Kuɗin da manomi ke biya idan zai yi aure kada ya wuce tsabar zinariya ɗaya, talaka kuma a rage masa. Harajin gwamnati na farko yakan zo kafin girbi, abin da ke tura manoma hannun masu ba da bashi da ruwa. Sai ya ce coci ya ranta musu, su biya a hankali. Sannan ya umarci a karanta wa manoman wannan wasiƙa a kowace gona, a ba su kwafi a hannu, domin su iya kare kansu da ita ko bayan ransa.

Abin lura shi ne tsarin da ya bi. Bai yarda a ciyar da talakan birni da abin da aka zalunci talakan ƙauye ba. Ya sha gaya wa wakilansa cewa ba ya son kuɗin zalunci ya shiga asusun coci, ya kuma sa an mayar wa mutane filaye da dukiyoyin da aka ƙwace musu da sunan coci a shekarun baya. Wani wakilinsa a Kampaniya ya sha faɗa, inda ya tuna masa cewa rage wa talakawa wahala ne babban dalilin tura shi, kula da gonaki na biye.

Ba shi da ƙyuya wajen ƙananan abubuwa. A wata wasiƙar ya ce a sayar da garken dawakin da ba sa kawo riba a bar ƙananan goɗiyoyi 400. A cikinta kuma ya yi wa Peter tsiya cewa ya aiko masa da wani ramammen doki da jakuna biyar masu kyau, dokin ba ya hawuwa, jakunan kuma bai dace da shi ya hau ba. A shekarar da girbi ya yi kasa a kewayen Rum, ya ware labar zinariya 50, wajen kilo 16, a sayi alkama a ajiye a Sisili, a shirya jirage su ɗauko ta da zarar teku ta kwanta.

Rajista a fadar Lateran

Yadda ake rabon a cikin birni mun fi saninsa ne daga wani ma'aikacin coci mai suna John, wanda ya rubuta tarihin Gregory a ƙarni na tara daga takardun da ya tarar a fadar Lateran. Ya ce a ranar farko ta kowane wata ana raba wa mabuƙata abin da gonaki suka kawo gwargwadon lokacin shekara: hatsi, ruwan inabi, cuku, ganyaye, nama, kifi, da mai. Kowace rana kuma ana zagaya unguwanni da dafaffen abinci ana kai wa marasa lafiya da naƙasassu waɗanda ba za su iya fitowa ba. Shi kansa yakan zauna cin abinci da baƙi talakawa goma sha biyu.

John ya ce a zamaninsa, kusan shekara 270 bayan rasuwar Gregory, akwai wani babban kundi a fadar mai ɗauke da sunayen masu karɓar taimako, da shekarunsu, da sana'arsu, da abin da ake ba kowa, da ranar da ake ba shi. A ganina wannan kundi shi ne zuciyar aikin. Rabon kayan abinci a bakin ƙofa kowa na iya yi, kuma mai ƙarfin ture jama'a ne ke samu. Gurgu da tsohuwar da ke kwance a ɗaki sai an rubuta sunansu kafin abinci ya same su.

Wasiƙun sun tabbatar da haka. Akwai wadda ya yanka wa wani makaho alkama da wake da ruwan inabi na kowace shekara. Akwai na zawarawa da marayu. Ya kuma damu ƙwarai da mutanen da suka taɓa samu suka rasa, waɗanda kunya ba za ta bar su su miƙa hannu ba. Wani tsohon gwamnan Sisili da duniya ta juya wa baya ya samu tufafin bayinsa daga wurinsa, tare da wasiƙa mai lallashi don kada ya ji an ƙasƙanta shi.

'Yan gudun hijira sun cika birnin. A wata wasiƙa ta 597 ya ambaci mata masu zaman zuhudu wajen 3,000 da ke Rum, waɗanda coci ke ba labar zinariya 80 a shekara, ya ce kuma hakan bai isa ba saboda tsadar rayuwa. Lokacin da 'yar'uwar sarki, Theoctista, da wani babban bafade suka aiko masa da laba 30, ya raba biyu: rabi ya saya wa matan nan kayan shimfiɗa saboda sanyin hunturu, rabi ya tura fansar mutanen garin Crotone da Lombardawa suka kama. Ya rubuta mata bayanin inda kowane kaso ya tafi. Ya kuma ba bishop-bishop izinin sayar da kwanukan azurfa na ibada idan babu wata hanyar fanso kamammu.

Ana ba da labarin cewa an taɓa tsintar gawar wani talaka a wani ɗakin haya a birnin. Da Gregory ya ji, sai ya ɗauka yunwa ce ta kashe shi, ya ƙaurace wa jagorantar ibada na kwanaki kamar shi ne ya yi kisan. Wannan ya yi daidai da abin da ya koyar a littafin da ya rubuta wa shugabannin coci, inda ya ɗauki ba talaka abin masarufi a matsayin mayar masa da haƙƙinsa, wato biyan bashi. Ya kuma riƙe tsohuwar ƙa'idar cocin Rum ta raba kuɗin shiga kashi huɗu: na bishop da baƙinsa, na limamai, na talakawa, da na gyaran gine-gine.

Mai ciyar da gari ya zama mai mulkinsa

Wanda ya riƙe rumbun gari ba ya daɗewa sai an kawo masa sauran matsaloli. Sojojin da ke gadin Rum ba a biyan su, sai coci ya shiga biya. Garuruwa sun rasa shugabanni, sai Gregory ya tura wani ya riƙe Nepi, wani kuma ya jagoranci tsaron Naples. A 592 ya yi sulhu da shugaban Lombardawan Spoleto ba tare da izinin kowa ba. Wakilin sarki da ke Ravenna ya ɓata sulhun, abin da ya jawo Sarki Agilulf ya kawo runduna ƙofar Rum a 593. Gregory ya katse jerin wa'azin da yake yi a kan littafin Annabi Ezekiyel. Daga kan ganuwa ya ga an ɗaure Rumawa da igiya a wuya za a kai su kasuwar bayi. Wata majiya ta zamanin ta ce labar zinariya 500 aka biya kafin Agilulf ya janye.

A Kustantiniya ba a yaba ba. Sarki Maurice ya rubuto yana nuna cewa Gregory mutum ne mai saurin ruɗuwa wanda maƙiya suka yi wa wayo, aka kuma ɗora wa jami'an birnin laifin ƙarancin hatsi. Gregory ya mayar da martani mai zafi a 595. A wasiƙarsa ga matar sarki ya kwatanta kansa da ma'ajin da ke biyan Lombardawa. Ya kuma sanar da ita cewa a tsibirin Kosika haraji ya kai mutane ga sayar da 'ya'yansu, ya nuna cewa gara a rage kuɗin da ake kashe wa Italiya da a tara su ta wannan hanya. Bai taɓa ɗaukar cewa tunda coci na ciyar da mutane an sauke wa sarki nauyi ba. Yana rabon abinci yana kuma damun fada da wasiƙu. Sulhun da ya daɗe yana nema ya samu a 598.

Akwai inda tarihinsa ba shi da daɗin ji. Gonakin coci na da bayi, kuma bai yi yunƙurin kawar da bauta ba, ko da yake ya 'yanta wasu. Ya kare Yahudawa lokacin da aka ƙwace musu wuraren ibada a Terracina da Cagliari da Palermo, ya hana a yi musu baftismar dole. Amma shi ne kuma ya ce a rage kuɗin haya ga Bayahuden da ke noma a gonar coci idan ya karɓi Kiristanci, ya ce a ƙara wa manoman Sardiniya masu bautar gargajiya nauyin haya har sai sun sallama. Hannun da ke bayarwa ya gano cewa yana iya matsawa, kuma ya matsa. A 602, da wani soja mai suna Phocas ya hamɓarar da Maurice ya kashe shi da 'ya'yansa, Gregory ya aika wa sabon sarkin wasiƙar murna wadda har yau masu ƙaunarsa ke jin nauyin karantawa.

A tsakiyar duk wannan ne ya tura wani ɗan gidan zuhudunsa, Augustine, da mutum wajen arba'in zuwa Ingila, suka isa Kent a 597.

Abin da ya biyo bayansa

Shekarunsa na ƙarshe a kwance ya yi yawancinsu, ciwon gaɓoɓi ya hana shi tsayuwa sai na 'yan sa'o'i a ranakun idi. Daga kan gado ya ci gaba da shibtar wasiƙu. Cikin na ƙarshe-ƙarshe akwai wadda ya haɗa da bargon sawa zuwa ga wani bishop da ya ji sanyi na damunsa. Ya rasu ranar 12 ga Maris, 604, shekara 18 kafin Hijira, aka binne shi a cocin Bitrus.

Ba a daɗe ba yunwa ta sake faɗa wa Rum. John ya rawaito cewa wasu mutanen gari sun zargi marigayin da watsa dukiyar coci har ya bar asusu wayam, suka yi yunƙurin ƙona littattafansa, sai Peter, wancan tsohon wakilinsa na Sisili, ya tare su.

Wanda ya gaje shi, Sabinian, ya taɓa zama jakadansa a Kustantiniya. Ya buɗe rumbunan coci, amma ya ce hatsin na sayarwa ne. Wataƙila lissafinsa daidai ne, domin asusun ya sha jiki, Lombardawa kuma suna nan. Mutanen da suka yi shekara goma sha uku suna karɓa kyauta ba su saurari lissafi ba. Da Sabinian ya rasu a watan Fabrairun 606, sai da aka fitar da gawarsa ta bayan ganuwa, aka zagaya ta gadar Milvian zuwa cocin Bitrus, don gudun abin da jama'a za su yi idan aka ratsa da ita ta tsakiyar gari.